Mai Lamba Bakwai

Shekara arba'in ke nan cif tun da muka rufe Yaya Kyari. Ya rasu wata Laraba da hantsi, yana zaune a zauren gidanmu na Birni, a nan Zinder, buta na gabansa zai yi alwalar walaha. Bai kwanta jinya ba, bai kira kowa ba, sai dai aka tarar ya jingina da bango, butar ta kife. Mutanen gari sun san shi da Majo Kyari, don shi ne babban ma'aikacin jinya a wani ƙaramin gidan likita na bakin gari. Ni kuwa ƙanwarsa ce, Falmata, autar ɗakinmu, na ƙare aikina ina malamar lissafi a lakwal, wato makarantar boko. Duk shekara idan watan rasuwarsa ya kama, 'ya'yansa sukan yi sadaka, a yi addu'a, a ce Majo mutumin kirki ne, a watse. Bana na ce ni dai ba zan tsaya a nan ba. Akwai maganar da na daɗe ina haɗiyewa, ga shi gwiwoyina sun fara gaya mini cewa in ban faɗe ta yanzu ba, da ita za a rufe ni.

Abin da ya tono ta kuwa agogo ne. Jikata Zara, wadda ke aiki a Yamai, ta zo mana hutu da wani agogon hannu da ba ta cirewa ko za ta kwanta. Da safe kafin ta gaishe ni sai ta duba shi. Ran nan ta fito fuska a sake, wai agogo ya ce jikinta ya huta. Washegari ta fito kamar an yi mata mutuwa, wai lambar ta faɗi, ko kunu ta ƙi sha. Mace ce garau, ko ciwon kai ba ta cika yi ba. Na tambaye ta me agogon ke aunawa. Ta ce ba yawan bugun zuciya ba ne, tazarar da ke tsakanin bugu da bugu ce, yadda take ƙaruwa tana raguwa. Ta shiga yi mini bayani a hankali, irin wanda ake yi wa tsohuwar da ba ta iya riƙe waya ba. Na bar ta ta gama. Ba ta san cewa wannan tazarar na taɓa auna ta da ɗan katakon jan layi, regil ɗin 'yan lakwal ba, ɗaya bayan ɗaya, har idona ya yi ja, tun uwarta tana goye a bayana.

Bari in fara da shi kansa Yaya, don wanda bai san shi ba. Dogo ne, siriri, mai sanyin magana har ya ba ka haushi. Babanmu ɗan kasuwa ne, asalin gidanmu daga Barno, kuma tun Yaya yana ƙarami ya ɗauki halin Baba na rashin yarda da awon farko. In an auno hatsi sai ya juye ya sake. In ya kama hannun mara lafiya ya ƙirga bugu, sai ya saki, ya tambayi mutanen gida, ya sake kamawa. Mu a gida Majo Sake-awo muke ce masa, matarsa Ya Hadiza ma takan ce ta tabbata ita kaɗai ce abin da ya ɗauka bai sake dubawa ba. Ba ya fushi da tsokana. Ni ce mai zafin kai a gidan, har yau kuma ban warke ba.

A farin nan na biyu, wanda ya zo bayan mutane sun ɗauka an gama da na farko, gero ya ƙone tun bai kai gwiwa ba. Mutanen karkara suka cika gari, daga wajen Takieta, daga Damagaram Takaya, daga ƙauyukan da ban taɓa jin sunansu ba. Suka kafa bukkokin kara da buhu a bayan unguwar Kara-Kara. Maigidana yana arewa wurin aiki, ni ina gidanmu da jaririya. Wani aikin agaji, wanda ba sai na faɗi sunansa ba, ya buɗe shantiye, wato filin aiki, na haƙar rijiyoyi da yashe tafkuna. Ladan aikin jar dawa ce, tiya-tiya. Wanda sunansa ya hau takarda, gidansa zai ɗora tukunya. Wanda bai hau ba, sai abin da Allah ya yi. Aka ari Yaya daga gidan likita domin ya duba lafiyar masu neman shiga, don ba a so mutum ya faɗi a cikin rami.

Kafin nan wata likita baturiya ta zo da wata na'ura da ba ta wuce ƙaramar adaka girma ba, mai aiki da batir ɗin mota. A ɗaura wa mutum wayoyi a wuyan hannu da idon sawu, sai allura ta yi ta zane a kan wata siririyar takarda mai zarowa. Kowane bugun zuciya yana fitar da tsini guda. Ita abin da take nema shi ne ta ga yadda tazarar tsinin nan take a jikin manya masu lafiya na ƙasarmu, ba tantance ma'aikata ya kawo ta ba. Zazzaɓi ya kayar da ita, aka mayar da ita ƙasarsu, ta bar wa Yaya na'urar da kwalin takardu da ɗan abin da ta koya masa.

Shef ɗin shantiye mutum ne da ba zan zaga ba yau, ko da yake na zage shi sosai a lokacin. Masu nema sun fi gurbin da yake da shi nesa ba kusa ba, kullum kuma ana zarginsa da son kai, wai 'yan garinsu yake ɗauka. Da ya ga na'urar sai ya ga mafita. Ya ji an ce wanda tazarar bugunsa ba ta motsi sosai, zuciyarsa ba ta da ƙwari. Shi ke nan, ya ce a auna kowa sau ɗaya, waɗanda lambarsu ta yi ƙasa a cire su, ai kowa ya san na'ura ba ta da ɗan'uwa. Yaya ya nuna masa bai gamsu ba, amma ya bi umarni, yana ganin zai gyara abin a hankali.

Bayan la'asar yake komowa gida da takardun a naɗe cikin gwangwanin madara. Ni ke aunawa, don ya ce idona ya fi nasa kuma hannuna ya saba da regil. In shimfiɗa takarda a kan allo a tsakar gida kafin rana ta faɗi, in auna daga tsini zuwa tsini, in fitar da mafi tsawo da mafi gajarta, in ɗebe, in rubuta a kaye, littafin rubutu irin na ɗalibai. Babu suna a jikin takarda, lamba ce kawai. Da gangan ya yi haka, wai kada in san ɗan wane ne hannuna ya karkata. Bai taɓa gaya mini wace irin takarda ce mai kyau ba, ni ma ban tambaya ba, don a ganina ba abin tambaya ba ne. Ni malama ce, kullum cikin faɗa nake da yara a kan su ja layi daidai. Abin da ya tafi daidai shi ne mai kyau. Haka na ɗauka, haka kuma duk masu bin layi a bayan Kara-Kara suka ɗauka.

To, a nan ɓarnar take. Magana ta bazu a bukkoki cewa na'urar Majo natsattsiyar zuciya take so, mai tafiya daidai ba gargada. Sai mutum ya taso tun sassafe a ƙafa, bai karya ba, ya tauna ɓarin goro don idonsa ya buɗe a ga ƙarfinsa, ya tsaya a rana har azahar. Idan aka kwantar da shi ya ga wayoyi a jikinsa, sai ya sandare, ya riƙe numfashi iya ƙarfinsa don zuciyar ta natsu. Alhali gaskiyar abin akasin haka ce. Zuciyar mai lafiya bin numfashi take yi: in ya shaƙa ta ɗan yi sauri, in ya sauke ta ɗan lafa. Tsoro da ƙishirwa da gajiya da riƙe numfashi duk danne wannan motsin suke yi. Wato mutum da kansa yake kashe lambarsa, shi a ganinsa gyara ta yake yi. Yaya ya yi ta ce musu su saki jiki, su yi numfashi kamar suna gida. Su kuwa gani suke dabara ce irin ta ma'aikaci, don a rage yawansu. Duk wannan daga baya na sani.

Cikin waɗanda aka cire akwai Ilu, mahaƙin rijiya daga wani ƙauye kusa da Takieta. Ubansa aminin Baba ne. Duk kaka sukan aiko mana da gyaɗa, in sun shigo gari kuma a zaurenmu suke sauka. Ilu ƙato ne, haƙa gadonsa ce, ba rijiyar da zurfinta ke ba shi tsoro. In akwai mutum ɗaya da shantiyen rijiya ke bukata, to shi ne. Ya zo gidanmu da yamma ranar da aka cire shi. Ina tsakar gida ina jiyo su ta ƙofar zaure. Na zaci roƙo ya kawo shi, a sa baki a mayar da sunansa. Bai roƙi komai ba. Bayan doguwar gaisuwa ya ce,

"Majo, kai ɗan'uwa ne, kada ka ɓoye mini. Kwana nawa ya rage mini?"

Ashe mai kiran suna ne ya gaya masa wai na'ura ta ce zuciyarsa ta lalace. Yaya ya rantse masa da Allah cewa awo guda ba ya nuna haka, ya kama hannunsa a nan zaure ya ƙirga, ya sake ƙirgawa, ya ce lafiyarsa ƙalau. Ilu ya yi ta gyaɗa kai yana cewa haka ne, haka ne, irin ta mutumin da ya san lallashinsa ake yi. Yana da baki goma sha ɗaya a bukka suna jiransa.

Washegari Yaya ya je wurin Shef. Ya ce masa ba a yanke wa mai lafiya hukunci da awo ɗaya, domin in ka auna mutum yau ka sake auna shi gobe, sai ka rantse mutum biyu ne. Shef ya ce shaida yake so, ba surutu ba. Suka daidaita a kan mutum goma, a riƙa auna su kullum da safe a lokaci ɗaya, bayan an zaunar da su a inuwa an ba su ruwa, ba goro ba taba. In lambobin sun yi ta tsalle duk da haka, a daina tantancewa da na'ura, a sake kiran duk wanda aka cire. Shef kwana uku ya ce a yi. Yaya ne da bakinsa ya ce shida, wai uku ba su isa a kafa hujja ba. Wannan ƙarin kwana ukun shekara arba'in ina riƙe da shi a zuciya.

Takarda goma ya riƙa kawo mini kullum, sai na ga abin da ban taɓa lura da shi ba. Lamba biyu yau sama gobe ƙasa. Lamba tara haka. Lamba huɗu ranar farko ƙasa, rana ta biyu ta haura har na sake aunawa don na zaci kuskure na yi, rana ta uku ta tsaya a tsakiya. Na yi ta mita ina cewa waɗannan mutane ko cikin jikinsu ba su da tsari. Banda lamba bakwai. Shi kam, Allah sarki, tsininsa a jere suke reras kamar haƙoran mataji, ko ka auna ko kada ka auna. Jiya da yau duk ɗaya. Na ƙaunaci mutumin nan ban san shi ba, kullum shi nake bari ƙarshe don in huta. Rana ta uku na ɗaga takardar na ce,

"Yaya, wannan mai lamba bakwai Allah ya yi masa albarka. Da duk haka suke da na huta. In ba shi da mata a nemo masa ta kirki."

Ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce amin, zai gaya masa. Sannan ya miƙe zai shiga ciki, ya dafa bango ya ɗan tsaya, kamar yadda ya saba yi a 'yan watannin nan. Na ce masa ya daina tashi da garaje kamar saurayi. Ya rame a lokacin, amma wa bai rame ba? Yana yawan shan ruwa, muna cewa zafi ne. Ya taɓa taka ƙaya bai ji ba sai da Ya Hadiza ta ga jini a takalminsa, muka ce taurin ƙafa ne na mai yawo. Duk a gabana aka yi waɗannan, ni mai idon da ya ce ya fi nasa.

Rana ta huɗu takarda tara ya kawo. Lamba huɗu bai zo ba. Yaya ya tafi bayan Kara-Kara da kansa, ya tarar an kwance bukkar. Maƙwabta suka ce Ilu ya rabu da digarsa da dagi da igiya, ya kwashe iyali sun yi kudu tun da sassafe. Wai ya ce tunda kwanansa kaɗan ne, gara ya kai yaran wurin dangin uwarsu da ƙafarsa tun yana iyawa. Tiyar dawar da Yaya ke kai masa kullum daga rabonmu ba ta ƙosar da baki goma sha ɗaya. A ranar na san lamba huɗu Ilu ne. Na yi wa Yaya faɗa irin wanda ƙanwa ba ta yi wa wanta. Na ce da ka yarda da kwana uku, da yau sunansa na kan takarda. Na ce kai kana neman hujja, mutane na neman abin sawa a baki. Ya miƙo mini gwangwanin, ya ce in yi sauri rana na faɗuwa.

Da kwana shida suka cika ya ce in yafa mayafi in ɗauko kaye, ni ce shaida. Biron Shef ɗaki ne na langa-langa, buhunan dawa jibge a gefe har rufi, ana jiyo hayaniyar masu jira a waje. Shef ya bi layukan da bik, alƙalaminsa, ɗaya bayan ɗaya. Ba wawa ba ne, ya ga abin da ke ciki. Wanda aka cire a awon farko ga shi ya fi wanda aka ɗauka, washegari kuma sun yi musaya. Amma bai so ya saki ba, don in ya saki na'urar ya koma cikin zargin son kai. Ya ce wataƙila na'urar ce ta fara lalacewa, ko batir, ko kuma madam ce hannunta ke rawa. Na buɗe baki zan wanke shi tas, Yaya ya taka mini ƙafa. Ya nuna masa layi na bakwai. Ya ce na'ura ɗaya ce, regil ɗaya, hannu ɗaya, ga shi kwana shida bai gusa ba. Da laifin na'ura ne ko na mai awo, da shi ma ya yi tsalle. Mutanen ne ke canzawa, don lafiyarsu lau, zuciyarsu na jin abin da ya same su kowace safiya. Ni dai ina zaune ina jin daɗi an yabi mutumina.

Shef ya daɗe yana kallon layin. Sannan ya ce ai wannan shi ne mafi ƙasa a cikinsu duka, kuma kullum a ƙasan yake.

"Wannan kam ko kai ba za ka ce in sa shi cikin rami ba, Majo."

"Ba zan ce ba," in ji Yaya. "Wannan na'ura ta faɗi gaskiya a kansa. Cire shi. Ni ne."

Ban fahimta ba nan take. Sai da na ga Shef ya ajiye bik ya kasa haɗa ido da kowa, sannan abin ya sauko mini. Kwana shida ina auna zuciyar wana da ta daina jin numfashinsa, ina sa mata albarka, har da nema masa mata. Kunya da tsoro suka taru suka danne ni, na kasa ɗaga kai. A hanya ya gaya mini sauran. Ciwon sukari ne, ya daɗe da shi, har ya ci jijiyoyin da ke gaya wa zuciya ta yi sauri ko ta lafa. Baturiyar nan ce ta fara gani ranar da ta gwada na'urar a jikinsa, ta auna ta sake aunawa. Ya ɓoye don kada a sallame shi ana tsakiyar fari, ga gida cike. Ya sa kansa cikin goman da gangan, don ya san Shef zai ɗora wa na'ura ko ni laifi, kuma ba shi da wata takardar da ya tabbata ba za ta motsa ba sai tasa. Na ce me ya hana ya gaya mini. Ya ce da na sani, da hannuna ya nemo masa tazarar da babu ita.

Shef ya cika alkawari, wannan na ba shi. Aka daina tantancewa da na'ura, aka sake kiran waɗanda aka cire, da yawansu suka shiga. Aka yi kwana uku ana kiran sunan Ilu babu mai amsawa. Shi kuwa Yaya, maganar ta kai inda za ta kai, aka janye shi daga shantiye, aka ba shi hutun da bai nema ba. Rabon dawar ma'aikata ya tsaya. Gidanmu ya koma ci sau ɗaya, 'ya'yansa suka san ɗacin hanza, abincin yunwa na daji, kamar 'ya'yan kowa. Magani kuma sai an dace. Damina ta dawo, gero ya yi, mutanen bukkoki suka koma gida. Ya ci sabon gero sau ɗaya, bai kai na biyu ba.

Shekaru da yawa bayan haka na je biki a wani ƙauye bayan Takieta, sai ga Ilu zaune a gindin dogon yaro. Gemu ya yi fari, amma ƙirjin nan na nan yadda na san shi. Ya dawo gida bayan fari da iyalinsa, waɗanda suka rage. Ya ce tun ranar da aka ɗaura masa wayoyi bai sake shiga rijiya ba, bai sake ɗaukar abu mai nauyi ba, ko noma sai dai ya tsaya a bakin gona. Cikin 'ya'yansa babu wanda ya gaji haƙa, don babu mai koya musu, matan ƙauyen kuma can nesa suke ɗibo ruwa. Yana magana hannunsa na dafe da ƙirji, da gani ya zame masa jiki. Na zauna na kwashe komai na gaya masa: lamba huɗu, yadda ta haura har na sake aunawa, yadda aka yi ta kiran sunansa. Ya saurare ni da ladabi har na gama. Sannan ya ce,

"Allah ya jiƙan Majo. Har ya koma ga Allah yana neman yadda zai kwantar mini da hankali."

Bai yarda ba. Ya rayu har tsufa ya gaji da shi, yana jiran abin da takarda guda ta gaya masa. Na yi kuka a mota har muka shigo gari.

Nakan tambayi kaina me Yaya zai ce in ya ga agogon Zara. Na san ba zai raina shi ba. Mutum ne mai son kayan aiki, zai karɓa ya jujjuya, ya tambayi inda batir yake. Abin da nake wuni ina yi da regil, agogon nan yana yi mutum na barci. Amma na san tambayoyin da zai jero mata. Yaushe ya auna? Kina kwance ko kina zaune? Me kika sha jiya, kin yi tafiya, kin yi faɗa da wani? Kin tara na mako guda kin ga inda suka fi zama? Zai ce mata lambar yau ta yau ce, ta sha kununta. Abin da zai fi tayar masa da hankali, ina jin, ba Zara ba ce, ita da ta ƙi kunu yau gobe za ta sha. Ranar da wani mai biro irin Shef, da masu nema suka yi wa yawa, zai ce a kawo masa lambar agogo kafin ya ɗauki mutum, ita zai ji wa tsoro. Na ba Zara labarin Ilu, ta ce ai na yanzu sun fi na da inganci. Wataƙila haka ne, ni ban san cikin agogo ba. Na ce mata na'urar Yaya ma ba ƙarya ta yi ba. Abin da ta gani a jikin Ilu ran nan gaskiya ne, mutum ne mai ƙishirwa, mai tsoro, da ya riƙe numfashi. Mu ne muka ɗauki safiya guda muka ce ita ce Ilu.

To me ya rage na Yaya? Bai gina gida ya bari ba, ba a sa wa ko lungu sunansa ba. Akwai tsofaffin ma'aikatan jinya biyu ko uku a garin nan da suka koyi aiki a hannunsa. Har yau in ka je awon tansiyo, wato hawan jini, wurinsu sai sun zaunar da kai, sun ba ka ruwa, sun tambayi mutanen gida, sannan su ɗaura, su kuma sake ɗaurawa. Marasa haƙuri na cewa ɓata lokaci ne. Akwai jikokin mutanen da aka mayar kan takarda, waɗanda ko sunansa ba su sani ba. Akwai kuma Ilu, wanda gaskiyar Yaya ta iso wa a makare. Wannan ma nasa ne, ba zan cire masa ba don ya mutu. Ban san yadda ake haɗa waɗannan a fitar da amsa ɗaya ba, ni da na tsufa ina koyar da lissafi.

Takardar lamba bakwai ta rana ta shida tana wurina. Na naɗe ta cikin gwangwanin, na tura ƙasan adaka, ban sake buɗewa ba tun da muka rufe shi. Bayan Zara ta koma na rasa sukuni. Wata safiya na fito da ita, na nemo regil cikin tsofaffin kayana na lakwal. Abin da ke raina, in faɗi gaskiya, wauta ce irin ta tsohuwa. Na san sau shida na auna, duk abu ɗaya na samu. Amma shi ya koya mini a sake awo, sai na ce bari in sake, wataƙila akwai wata tazara da idona ya tsallake, ko da rabin layi ce. Na warware ta a hankali a kan tabarma don kada ta karye. Ashe irin takardar nan ce da zanenta ke gogewa da zafi da shekaru. Layukan awo na jikinta suna nan, da bakwai ɗin da ya rubuta da bik a gefe. Tsinin kuwa babu ko ɗaya. Na zauna da regil a hannu har aka kira azahar.

Allah ya jiƙanka, Yaya, ya haskaka makwancinka. Kwana ukun nan na yafe maka. Kai ma ka yafe mini dariyar da na sa ka yi ran nan.